Alwalar Mota

Daren Talata, tsakiyar sanyi

Yau da asuba motar dizal ɗin nan ta so ta kunyata ni. Inna ta shirya tsaf da goronta, za mu sunan jikarta a Lajawa. Na fito da butar ruwan zafi zan yi alwala, na ce bari in fara ɗuma inji. Na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas kawai! Ashe farin gishirin nan ne ya lulluɓe kan batir. Haushi ya sa na juye masa ruwan butar kaf, na ƙara ɗaure shi. Murɗawa ɗaya ta tashi.

Inna ta ce, "Ita dai ta yi alwalarta. Kai fa?"

Da ruwan randa na yi tawa. Har yanzu yatsuna ba su yafe mini ba.