Tabaryar da Na Aika Duniyar Mars

Asabar, 6 ga Satumba

Sabitu, ɗan goggona, ya cuce ni. Bari in rubuta abin dalla-dalla tun da zafinsa, don kada wata rana zuciyata ta yi sanyi in ce bai kai haka ba.

Yau ya dawo da kwamfutar Ikrima kamar yadda muka saba, mako guda a wurinsa a Inkil, mako guda a wurina. Ko zama bai yi ba, wai ya bar shago ba kowa. Bayan la'asar na buɗe wasan kumbon, sai na ga kalandar cikin wasan ta yi tsalle da shekaru. Na duba inda Shamuwa take, babu ita.

Shamuwa kumbon ƙanena Ikrima ce. A kwance ya harhaɗa ta, duk lokacin da sikila ta ɗan sake shi. Ya saka ɗan sama-jannati guda a ciki, ya raɗa masa sunansa, ya harba ta zuwa duniyar Jufita. Tana tsakiyar hanya Allah ya karɓi abinsa, bara da damina. Tun daga nan ni da Sabitu ba mu taɓa danna maɓallin da ke gaggauta lokaci ba. Ba mu yi magana a kai ba, amma kowa ya sani. Muna ta 'yan tafiye-tafiyenmu tsakanin duniya da wata, ita kuma Shamuwa tana can tana rarrafe. In na buɗe taswira na gan ta, sai in ji kamar yaron yana hanya ne kawai.

Aiki ɗaya ya rage mata: in ta isa Jufita a kunna inji ta rage gudu, duniyar ta riƙe ta. Sabitu ya tura lokaci, ba wanda ya kunna komai. Ta wuce. Jufita ta wurga ta can bayan duniyoyi, cikin duhu. Kuma Ikrima da kansa ya saita wasan yadda ba a komawa baya.

Na leƙa cikin kumbon. Ɗan mutumin yana zaune yana murmushi, kamar yadda aka zana su duka.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na je Inkil, gidan Goggo Zubaida. Na same shi a gindin mangwaro yana cin dafaffiyar gyaɗa. Na ce, "Sabitu, me ka yi wa Shamuwa?" Sai ya bushe da dariya, ya ce, "Baiwata ta zo kai ƙarar ubangidanta? Ai tsuntsuwa ce, ta yi ƙaura."

Goggo ma dariya ta yi. Ta ce, "Ke Mas'uda, yaushe aka fara fushi da taubashi? Ko zaninki ya ɗauke ai sai dai ki rama."

Da na dawo gida Inna ta maimaita min kusan haka. Wai ɗan goggona ne, wasa ne tsakaninmu tun muna tsirara, kuma abin kwamfuta ne. To shi ke nan. Al'ada ta ɗaure min baki, ba ni da ikon yin fushi a fili. Amma Goggo da bakinta ta ce in rama, kuma na ji.

Talata, 9 ga Satumba

Na gano dalilinsa. Akwai sabon kumbo yana zagaya duniyar Mars, ƙato, mummuna, sunansa Gagarabadau. Wato haƙurin jira ne ba shi da shi. Ya tura shekaru don nasa ya isa Mars, na Ikrima ko oho.

Dokarmu ta asali, mu ukun: ba mai taɓa kumbon wani. Zan kiyaye ta. Ba zan danna masa ko maɓalli ɗaya ba. Nawa zan gina, in cika shi da mai har wuya, in tura shi Mars ya shige cikin Gagarabadau da cikakken gudu. In ya buɗe kwamfutar ya tarar da tarkace yana shawagi, sai in ce masa wasa ne, ubangidana.

Laraba, 10 ga Satumba

Na sa wa kumbon nawa suna Tabarya.

Juma'a, 12 ga Satumba

Sau uku tana fashewa kafin ta bar ƙasa. Ta yi nauyi, tanki ne a kan tanki. Na ƙara rokoki a gindinta, ta tashi tana layi kamar mai maye, ta dawo ta kife. A karo na huɗu ta hau sama lafiya. Na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki har Inna ta leƙo ta ce ko an biya albashi ne.

Gobe kwamfutar za ta koma hannunsa. Na canza wa Tabarya suna a taswira zuwa "tsohon tanki", na ajiye ta cikin shirgin da ke zagaya duniya. Sabitu ba ya karanta komai da ya wuce layi ɗaya, ba zai kula ba.

Talata, 16 ga Satumba

Makon da ba kwamfuta, sai takarda da biro. Ba a tafiya Mars kai tsaye kamar mai zuwa kasuwar Wunti. Ita tana gudu, mu muna gudu, dole ka jira sai ta ɗan sha gabanmu, sannan ka harba zuwa inda za ta kasance, ba inda take ba. Shi kuma Gagarabadau yana nasa zagayen. Ina so in zo masa ta gaba, fuska da fuska, don gudun biyu su haɗu.

A ofishin malamai Madam Cecilia ta leƙa takardata ta ga da'irori. Ta ce, "Malama Mas'uda, wannan na 'yan aji nawa ne? Kina so ki kashe yara?" Na ce na babban yaro ne guda ɗaya. Ta ce Allah ya taimake shi. Ban ce amin ba.

Shekarata nawa ina koyar da lissafi, ban taɓa jin daɗinsa kamar wannan makon ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ya turo min hoton shamuwa a kan bishiya, ya rubuta "an gan ta a Zungur". Na tura masa fuskar dariya. Sai na kife wayar.

Asabar, 20 ga Satumba

Kwamfuta ta dawo. Tabarya tana nan, bai taɓa ta ba. Ya rame, ko idona ne. Ruwansa.

Wani abu da ban yi tunaninsa ba: kafin Mars ta zo inda nake so, sai na tura lokaci ni ma. Na daɗe yatsana yana kan maɓallin. Duk watan da na tura, Shamuwa tana ƙara nisa. Na ce wa kaina ai ta riga ta ɓata, wata ɗaya ko goma duk ɗaya ne. Na danna.

Ban buɗe ɓangaren taswirar da take ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Tabarya ta kama hanya. Layinta ya lanƙwasa ya faɗa daidai kan Mars tun gwajin farko, gyara kaɗan na yi a tsakiya. Da Ikrima yana nan da ya ce, "Adda, ke fa mayya ce." Shi sai ya yi ta gwadawa yana ɓata mai kafin ya dace.

An ɗauke wuta, batirin ya mutu. Na zauna ina tsara abin da zan ce wa Sabitu. Ina so in faɗa a gaban Goggo, ina cin gyaɗa.

Laraba, 24 ga Satumba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba, kuma har yanzu haushi nake ji, kada in manta.

Don in saita bugun daidai, dole in san inda Gagarabadau zai kasance. Na danna shi a taswira. Dubawa ce, ba taɓawa ba. Sai ga wani layi mai ɗigo-ɗigo ya fito daga jikinsa, irin wanda ke nuna tafiyar da mutum ya tsara bai riga ya yi ba. Na zaci hanyar komawa gida ce. Ba ita ba ce. Layin ya bar Mars, ya wuce Jufita, ya miƙe cikin duhu. Na yi ta ja da taswirar baya har na ga inda ya dosa.

Bayan Shamuwa yake.

Kuma ba zai kai ba. Layin ya ƙare a tsakiyar babu, da nisa sosai tsakaninsa da ita, don man da ke cikinsa bai isa ba. Ya yi ta gyara abin, alamun gyara sun yi cunkus a kan layin kamar ɗinkin koyo. Kowanne ya fi na baya muni.

Sai na duba tarihin da wasan ke nunawa. An harba Gagarabadau ne bayan Shamuwa ta wuce Jufita, ba kafin ba. Ranar da ya tura lokacin kuwa, ranar da Ikrima ya cika shekara ce. Wato sakaran nan so ya yi ya kai ta Jufita da kansa a ranar, ya danna ya zarce, ya kasa tsayarwa.

To wa ya aike shi? Ƙanena ne ko nasa? Da ya zo ya ce, Mas'uda, zo mu kai ta tare, zan ƙi ne? Da ya ɓata, da ya zo ya ce na yi ɓarna, zan cinye shi ne? A'a, sai ya zauna gindin mangwaro yana min dariya, ya fake da taubasantaka. Wannan ya fi na farkon ciwo.

Bugun yana nan daram.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na yi kuka a banɗakin makaranta. Ba don shi ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Ban ba shi kwamfutar ba. Ya zo ƙofar gida, na ce ban gama ba. Wannan ne karo na farko da ɗayanmu ya karya tsarin. Na shirya jin zolaya, sai kawai ya ce, "To, Mas'uda." Ba baiwata, ba komai. Ya tada babur ya tafi.

Inna ta ce Goggo ta kira ta, wai Sabitu ya ishe ta da tambayar ko akwai tsofaffin littattafan lissafinsa na sakandare a gidan. Su biyun suka yi ta dariya a waya. Mutumin da ko canjin kwastoma sai ya danna waya.

Talata, 30 ga Satumba

Na lissafa, don dai in san iyakar wautarsa. Man da ke cikin Tabarya ya ishi Gagarabadau ya cim ma Shamuwa, har ya jawo ta zuwa Jufita, in wanda ya san abin da yake yi ne ya tsara hanyar. Amma in zan tsaya kusa da shi maimakon in buge shi, dole in juya tun da nisa, in zo ta bayansa, in ƙona wani kaso na man wajen rage gudu. Gobe ko jibi a lokacin wasan za a wuce inda za a iya wannan juyin.

Lissafi kawai na yi. Malamar lissafi ce ni, an hana?

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu, ba makaranta. Na wuni Tabarya tana tsaye a kan allo, na dakatar da wasan. Na wanke kaya, na tsefe kaina, na taya Inna gyaran wake. Duk na dawo tana nan tana jirana.

Ina so ya ji abin da na ji ranar da na buɗe taswirar nan. Har ga Allah ina so.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Na je Inkil da kwamfutar bayan azahar. An yi ruwa da safe, hanyar ta caɓe, ɗan acaɓa ya sauke ni tun daga bakin gonaki, na ƙarasa da ƙafa.

Yana gindin mangwaron. Na ajiye masa a cinya na ce buɗe. Ya buɗe, ya ga tsohon tanki tsaye gefen Gagarabadau, kusa har ana iya karanta rubutun jikinsa, bakin haɗawar yana kallon nasa. Ya duba yawan man. Ya sake dubawa. Can ya ce, "Wannan ai da gudu ya taho, na gan shi tun yana zagaya duniya."

Na ce, "Ka gani, ka bar shi?"

Ya ce, "Ai na ci a buge ni."

Ban ce masa a'a ba, don gaskiya ya faɗa. Na ce ni ba na taɓa kumbon wani, in yana son man ya matso da nasa ya haɗa da kansa. Ya kama. Ya zo ya wuce, ya dawo ya goge min gefen tanki, ya sake wucewa. Goggo ta fito da kwano tana cewa yau kuma wace ƙarar aka kawo. Ta kalli fuskarsa, sai ta ajiye kwanon ta koma ciki.

Ya ce, "Mas'uda, shi ne yake min wannan ɓangaren. Ban taɓa iyawa ba."

Na sani. Ina zaune nake jin su ta taga, Ikrima yana cewa a hankali, Yaya Sabitu, a hankali, kai ba babur kake tuƙawa ba.

Ban yafe masa ba, a rubuta wannan. Man dai nake ji, kada ya ƙarar da shi a banza yaron yana can yana jira. Na ce ya matsa min a bencin. Na riƙe ɓangaren juyawa, shi ya riƙe na gaba da baya, na ce a hankali, Yaya Sabitu.

Sai da kumbunan suka haɗu na lura da sunan da na kira shi.