Akwatin Rijiyar Annasara

Garu, ran Litinin

Ƙanena Habibou,

Gaisuwa mai yawa, da hwatan kana lahiya, kai da babur ɗinka da ka hi so bisa danginka. Takarda na ba direba ban kira ba, don wayar ta maigidana ce, ka kuwa san kunnensa.

Ka tuna tsohuwar rijiyar da annasaran Suwis da Jamus suka gina zamanin kakanninmu, wadda ke jingine da lambun Gwaggo Marka, maƙwabciyarmu? Masu gyaran bakinta sun zare bulo ɗaya, sai ga ɗan akwatin roba a ɓoye. Ciki akwai 'yar tsana, da maɓalli, da ɗan littahi cike da sunaye. Habibou, sunanka ne na hwarko! Inna ta yi ta kuka, ta ce ga abin da ya raba ka da gida shekara biyu. Gari duka ya ce sammu ne, kuma wa ke wuni wurin in ba Marka ba? Yanzu ba mai sayen albasarta. In ta zo ɗibar ruwa, mata sai su janye gugansu. Liman ya ce ka taho a yi maka addu'a.

Yayarka, Samiha


Malanbil, ran Alhamis

Yaya Samiha,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Sau ukku ina yage takardar nan.

Ba sammu ba ne, wasa ne. Bara waccan na ɗauko wata Basuwisa da mijinta bisa zemijan, wato babur ɗin haya da nake tuƙawa, jikar wanda ya gina rijiyar ce. Wasansu shi ne a ɓoye akwati, a sa wurin cikin intanet, mai so ya bi da wayarsa har ya gano shi, ya rubuta sunansa, ya ɗauki ɗan abu ya aje wani. Ni na nuna musu bulon, ni na zare shi. Suka ce in hwara rubutawa, na rubuta ina washe baki. Ban gaya wa maigari ba. Sauran sunayen na baƙi ne, ukku ma ni na kai su.

Ga wadda ta hi muni. Na ji labarin nan a kasuwa kwana takwas kahin takardarki, wurin masu albasa, na yi shiru. Daɗi na ji an samo mini dalilin rashin komowa gida, don gaskiyar ita ce zaman birni nake so. Gwaggo Marka, matar da ta goya ni lokacin da Inna ke ciwo, ita na bari da kayana. Ina jin kunyar da ko abinci ba ya shiga. Don Allah ki hwaɗa musu.

Ƙanenki, Habibou


Garu, ran Lahadi

Habibou,

Mun gode Allah, muna lahiya. Ba ni hwaɗa musu komi. Hannun da ya zare bulo yana da baki, ya zo ranar Juma'a ya tsaya ƙohwar masallaci.

Kada ka zaci daga sama nake maka magana. Ranar da aka tono abin, Gwaggo ta kawo mana dambun zogale kamar kullum. Na karɓa, na juye wa awaki tana kallo, na miƙa mata kwanon. Ta karɓa ta tahi. Tun da na karanta takardarka sau biyu ina zuwa ƙohwarta ina komowa, ƙahwata ta ƙi shiga. Ka taho mu shiga tare.

Samiha


Gaya, ran Talata

Ɗana Habibou,

Ɗiyata ke rubutawa, ni Marka ke magana. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida.

Tun Laraba na bar Garu na ƙetaro gulbi wurin ɗiyata, ban ga tsayuwarka ba, amma an ce ka hwaɗi gaskiya gaban kowa har ka yi hawaye. Na yahe maka, kai wasa ka yi, sannan ka ji tsoro. Samiha ma na yahe mata.

Maigari ya aiko a maida ni. Ka ce masa kada a wahala. Shekara arba'in ina ɗibar ruwa da matan nan, kuma cikinsu ba wadda ta zo ta ce, Marka, ke ce kika yi?

Allah ya yi maka albarka.

Gwaggonka, Marka