Sandar da Wadud Ya Yanke Mini

Assalamu alaikum Anti Sadiatu. Don Allah ki taimake ni, ban da wanda zan gaya wa wannan a gida.

Shekarata sha shida, a Salaga nake. Yayana Fatawu yana da teburin sunuka, wasan nan na buga ƙwallo da sanda, a rumfar gaban shagonsa. Ni ba mai magana ba ce, daga makaranta sai littattafan soyayya, amma idan maza sun tafi kasuwar doya nakan lallaɓa in buga ni kaɗai. Har na iya. Ƙungiyar matasa ta saka sunana a gasar 'yan mata da za a yi a Yendi nan da mako uku. Matsalar, gajeruwa ce ni, sandunan rumfar duk sun fi ƙarfina.

To akwai abokin yaya, Wadud. Anti, kunya nake ji, amma duk littafin da na karanta fuskarsa nake ɗora wa jarumin. Ranar Laraba ya ce zai ba ni sandarsa. Yini na yi ina murmushi ni kaɗai.

Kin san abin da ya yi? Ya kai wa kafinta ya rage mata tsawo ta bakin siririn! Kan ya zama kamar muciya. Sai ya sa mai gyaran takalma ya liƙa mata guntun fatar tsohon takalmi. A gabana kuma, yana cin goro, ya lashi kan sandar, ya goga a bango, ya miƙo mini da jan yawu a jiki. Sai da na wanke hannu sau uku. Ko tuwo ban iya ci ba. In na buga da ita ƙwallo inda ta ga dama take zuwa.

Yaya ya ce in na ƙi ta na wulaƙanta abokinsa. In na je da ita Yendi kuwa, a zagayen farko za a cire ni. Wace irin sanda ce daidai da ni? Kuma ya zan yi da wannan?

Taki,
Mai Kunya, Salaga

Wa alaikumus salam 'yata.

Ƙyamarki tana kan hanya. Yawu ba ya gyara kan sanda, hana allin da ake goga masa kamawa yake yi. Kafintan ma ya yi kuskure: ta gindi ake rage sanda, ba ta kai ba. Wannan ta riga ta mutu.

Ki tsayar da sanda a ƙasa kusa da ke. Wadda ta kai tsakanin hammata da kafaɗarki ita ce taki. A tsayinki, inci arba'in da takwas zuwa hamsin da biyu. Ki ɗauki marar nauyi. Sannan ki tambayi masu gasar girman ƙwallonsu. In ƙanana ne, kai mai faɗin milimita tara ko goma. In manya ne, sha biyu zuwa sha uku. Fatawu ya san inda ya sayi nasa, ya nemo miki a makon nan don hannunki ya saba.

Amma ki yi wa Wadud adalci. Sandarsa ɗaya ya yanka saboda ke. Rashin sani ne, ba raini ba. Ki gode masa a gaban yayanki, ki ce kan ya yi wa ƙwallon faɗi. Gaskiya ce, ba sai kin ambaci yawu ba.

Jaruman littattafanki ma suna cin goro, marubutan ne ba sa faɗa. Ki bar shi a abokin yaya, ki je Yendi da sandar da ba wanda ya lasa. Allah ya ba ki nasara.

Anti Sadiatu