Allon da Baba Ya Lanƙwasa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ni dai hankalina ba a kwance yake ba.

Allon fitilar shagon ɗinkina ya iso jiya, wanda Baba ya nace shi zai yi min da hannunsa. Ja na ce masa, har sau uku. Na buɗe kwali, sai ga harufa na bututun gilashi garau, ba launi ko ɗigo. Tsakanin harufan ya damɓara baƙin fenti. Takardar zanen da ya naɗo shi a ciki kuwa, rubutunta a juye yake. Mutumin da ya shekara arba'in a sana'ar nan!

Ka tuna haka Kaka ya fara kafin ya manta sunayenmu. Tsoro nake ji. Mai mantuwa shi kaɗai a shago, ga wuta ga gas? Ka lallashe shi ya rufe, ya dawo wurina da zama. Allon na tura shi ƙarƙashin teburin yanka, ko kallonsa ba na so.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Kin san ni ban iya lallashi ba. Na je ina ta kewaye-kewaye, ya ce in faɗi abin da ya kawo ni, sai kawai na miƙa masa wasiƙarki. Ki yafe ni. Ya karanta, ya yi dariya har da tari. Ga amsarsa nan na haɗo miki.

Yayanki

Auta,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Lallai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na haifi biyu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda nake aiki.

Launin ba a jikin gilashin yake ba, yana cikin iskar. Na zuƙe iskar da ke cikin bututun, na ɗura wata da ake kira niyon, na liƙe bakin. Sai lantarki ya ratsa ta take yin ja. Da shuɗi kika ce, da wata iskar zan ɗura. Baƙin fentin na ɓoye mahaɗar harufa ne, in ba shi ba rubutunki zai zama igiya guda. Zane kuwa a juye ake yin sa tun kafin a haife ki, don ta baya ake lanƙwasa gilashi a kan wuta, gabansa ya kwanta sumul.

Wasiƙarki ta yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Amma na ga tsoro ne ya rubuta ta. Ranar da kaina ko hannuna ya fara gardama, ni zan fara gaya muku. Ki kira mai gyaran wuta ya haɗa shi da taransifomar da ke cikin kwalin. Kada ki taɓa da kanki.

Mahaifinki

Baba,

Barka da war haka. An haɗa yau da yamma. Ya yi ɗan zuuu, sai ja ya bi harufan, har masu wucewa suna ɗaga kai. Na tsaya a bakin titi ina kuka ina dariya, mata suna tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, babana ne.

Ka gafarce ni. Mai gidan burodin da ke kusa da ni ya ce shi ma yana so, shuɗi. Ranar Asabar zan kawo maka awon ƙofarsa, kuma a ajiye min kujera kusa da wutar.

'Yarka,
Auta