Sunan Ɗana na Fari a Littafin Mushe Dossavi

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin Malanville
Daga Hajiya Diza Boubakar, tsohuwar malamar lakwal, Toumboutou
Litinin, 13 ga Maris, 2023

Game da: littafin da ake karantawa a rediyo, da abin da ya jawo wa ɗana

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Ran 4 ga Nuwamba, 2021, Mushe Firmin Dossavi, ɗan jarida daga Kwatano, ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidana da rigar sulke da hular ƙarfe, wai ya zo ɗauko labarin yaƙi. Yaƙin da ya tarar shi ne nawa da awaki a kan albasar da na shanya. Na ba shi fura da masauki kwana biyu.

2. Da ɗana ya dawo daga kiwo, baƙon ya tambaye ni sunansa. Na kau da kai. Ya sake tambaya, na tashi na shige ɗaki. Kowace mai tallar nono a kasuwa ta san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, amma masanin bai ga dalilin tambayar jahilai ba. Ya karɓi sunan wurin maƙwabta.

3. Bara ya fitar da littafi. Jaruminsa ɗan jarida ne wanda harsashi ke kauce wa. A shafi na 88 jarumin ya gano wani makiyayin Toumboutou mai tabon ƙuna a hannun hagu, mai kai wa 'yan bindiga abinci, wanda uwarsa ma ke tsoron ambaton sunansa. Marubucin ya canja wa kansa suna, ya ƙara wa kansa tsawo. Ɗana kuwa an bar masa sunansa da tabonsa.

4. Na rubuta wa marubucin. Ya amsa cewa labarin ƙirƙira ne, kuma abin da idonsa ya gani ne kawai, shi ba ya da ɓangare. Madalla. Ashe ana ci da hannu biyu a faranti guda. Shekara talatin ina koya wa yara girmama abin da aka buga a takarda, Allah ya yafe mini.

5. Tun da aka fara karanta littafin da harshen Dendi a rediyo, jandarma sun kira ɗana sau biyu, ba su sami komai ba, suka sallame shi. Mutanen Garou, garin da mashayar shanunsa take, ba su sallame shi ba: sun ce daga Juma'ar nan kada shanunsa su sake sauka kogi. A watan Maris, ranka ya daɗe, ina za su sha?

Don haka ina roƙo a dakatar da karatun, a ba ɗana takardar wanke shi kafin Juma'a, a kuma gayyato marubucin ya faɗa wa Garou da bakinsa wanne ne ƙirƙira. Ya zo da hularsa, ba laifi.

Magatakardanku ya ce ba a karɓar ƙorafi sai da sunan wanda aka cuta. To. Shekara arba'in da ɗaya ban furta shi ba, ga shi: Ahijo. A sanar da Mushe Dossavi ba tsoro ba ne, kunya ce, kuma yau ya raba ni da ita.

Da ladabi da biyayya,
Diza Boubakar