Na Ji Tashin Motarka Ta Waya

Bompai, Kano

Zuwa ga ɗana Muhyiddeen, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare ka a kan hanya. Mu nan sai godiya. Ƙanwarka Aina'u takan aiko min da tuwo daga Na'ibawa, sai dai tun rasuwar mahaifiyarku ban iya cinye kwano ni kaɗai ba. Abokina Yohanna, wanda muka yi tuƙi tare a Challawa, ya koma Kafanchan. Yanzu bencin ƙofar siton da nake gadi ya yi min faɗi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar da ka kira ka ce kamfani ya ba ka tirela gwaji, ka yi min sallama cikin sauri, ka manta ba ka kashe wayar ba. To, idona ne likita ya ce ya gaji, kunnena bai ajiye aiki ba. Na ji ka ja mota, na ji injin yana nishi, duk jikinta na karkarwa kamar tsohon da aka tasa bai gama barci ba. Da giya lamba uku ka tashi, ɗana, kuma da lodi. Na yi ta kwaɗa maka kira, wayarka tana can kan kujera, har mai shayi ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Na san samarin direbobi suna cewa lamba ɗaya ta tsofaffi ce. To, tsofaffin da ita suka tsufa. Idan mota ba kaya, hanya kuma a shimfiɗe, tashi da biyu ba laifi. Amma in ta sha lodi, ko hancinta yana kallon tudu, ka ba ta ɗaya. Ka saki kuloci a hankali har ka ji ta karɓi nauyin, sannan ka sauke birkin hannu, totur ya biyo baya. Kuloci ba ya kai ƙara. Wata rana ƙauri kawai za ka ji, kamfani ya karɓi makulli ya miƙa wa wani, kai kuwa da iyali a garin mutane.

Ni nan wuni nake ina sauraron motoci suna fita, ina cewa wannan ya iya, wancan zai ci kuloci. Ba wanda nake faɗa wa sai kaina.

Ba na neman ka aiko da komai. In ka sake yin lodi, ka kira ni, ka ajiye wayar a kujera kamar wancan karon. Ba sai ka yi magana ba. In na ji ta tashi lafiya, zan kashe da kaina.

Aina'u da mijinta Zakariyya suna gaishe ka. Ka gaishe min da Mubina da yara. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Labaran, wayata tana aljihun gaba.