Fukafukan da Na Ƙwace a Hannun 'Yata

Anti Assibi, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kwana tara suka rage watan Oktoba ya ƙare, ni kuma kaina ya kulle. Na sauya sunayen mutanen da zan ambata, ko da yake na san matanmu na nan Greensboro ta Amurka, kafin su kai layi na uku sun gane ni.

Ni tela ce, 'yar Damagaram, shekarata goma sha ɗaya a garin nan. Muna haya a wani bene kusa da titin Wendover, ni da maigidana Mourtala da 'yarmu guda ɗaya tilo, Yasmina, mai shekara takwas. Shi yana aiki a wani sito, ni kuma keken ɗinkina na falo. Ba yabon kai ba, in kika je filin idi a nan kika ga riga ta zauna a jikin mace, ki tambaya, da wuya ba hannuna ba ne.

Ga tambayata. Mutumin da ya ce babu Allah, babu aljan, babu komai bayan mutuwa, me ya haɗa shi da bikin Halowin? Ba an ce asalinsa bikin fatalwa da matattu ne na mutanen da ba? In ba ka yarda da su ba, bikin wa kake yi?

Saboda Fassouma nake tambaya. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, a tabarma ɗaya muka tashi. Ni na tarbe ta a filin jirgi, ni na koya mata shiga bas daga tashar cikin gari. Ta yi karatun jinya, yanzu tana da gida a Pleasant Garden, da fili a gaba wanda ya fi gidan kakanmu girma. Shekara huɗu da suka wuce, tana yanka mini albasa a kicin, ta shaida mini ita fa ta daina yarda da addini gaba ɗaya. Na yi kuka, na yi nasiha har bakina ya gaji, daga baya na bar ta da addu'a. Ban yanke zumunci ba, kuma ban faɗa wa kowa a gida ba.

To wannan matar da ba ta Salla, in Oktoba ta kama sai ki rantse ita ta ƙirƙiro Halowin. Kabewa a kowane mataki, ƙwarangwal na roba a kan kujera sanye da hula, alewa kwano-kwano. Mu kuwa, kamar yawancin mutanenmu, ranar muna kashe fitilar ƙofa tun la'asar mu ja labule, don kada yaran maƙwabta da ke bin gida-gida cikin shigar wasa su ƙwanƙwasa neman alewa. Yasmina takan zauna tsakanin labule da taga tana kallonsu. Na sha ganinta, na sha yi kamar ban gani ba.

Watan nan ɗinkin biki ya yi mini yawa, shi ya sa nake barin Fassouma ta ɗauke ta duk Asabar. Sai na lura buhun ƙyallayena yana raguwa, tef ɗina na awo ma ya ɓata. Ranar Litinin na buɗe jakar makarantar Yasmina zan ciro kwanon abinci, sai na ga abu a naɗe. Fukafukan malam-buɗe-littafi ne na shigar Halowin, an lanƙwasa wayar rataye riga an lulluɓe ta da ƙyallayen shadda. Ƙyallayena, Anti. Kowanne na san rigar da ya fito. An manna da gam, inda aka yi ɗinki kuwa kamar sawun kaza. Asabar uku ita da Fassouma suna wannan aiki, ni ina nan ina yi wa matan wasu kwalliya.

Da na tsare Yasmina, ta amsa mini da Turanci, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci. Wai ba ta tambaye ni ba ne don ta san zan ce haramun ko kaina ban ɗaga daga keke ba. Wai Anti Fassouma tana sauraronta.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi ya ci ni, har yanzu yana cina. Fassouma da ko maɓalli ba ta iya sa wa riga! Ta ɗauki gida mai fili, ta ɗauki albashi, ban taɓa cewa uffan ba, Allah ya ƙara mata. Amma allura da zare su ne abu ɗaya da nake da shi, kuma 'yar da na haifa ta kwashi kayana ta kai wa wata ta ɗinka mata. Ita ba ta da sallar asuba da za ta tashi yarinya, ba ta da Islamiyya da za ta tilasta mata, ba ta taɓa cewa a'a ba. Ita ce mai alewa, ni ce mai kashe fitila. Yaya yarinya ba za ta fi son ta ba?

Na ƙwace fukafukan. Na kira Fassouma na wanke ta tas, na jefa mata tambayar nan da na yi miki. Dariya ta yi, wai ita a wurinta kabewa ce da alewa da dariyar yara, tun da ba ta yarda da fatalwa ba, ba ta da wanda take girmamawa a ciki. Dariyar nan ta fi maganar ƙona mini rai. Mourtala ya ce kawai a hana yarinyar zuwa can, magana ta ƙare. Shi komai a wurinsa da sauƙi.

Yau kwana huɗu Yasmina ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. Da in ta dawo makaranta takan zauna gindin keke tana tsince mini allurai da maganaɗisu. Yanzu ɗaki take wucewa.

Akwai abin da ko Mourtala bai sani ba. Na ɗauki fukafukan zan kai su shara, a kan matakala na lura na hagu ya fi na dama tsawo da yatsa biyu. Na kasa. Na dawo na ɓare gam ɗin, na daidaita wayar, na yi musu shafi, na kalmashe baki, har duwatsu na jera. Suna nan saman kabad a cikin leda, ban san me zan yi da su ba.

Anti, ki faɗa mini Fassouma munafuka ce, cewa mai irin ra'ayinta ba ta da hurumin wannan biki, in karanta wa Yasmina ko idonta zai buɗe. Ina tsoron 'yata ta zama tata.

Tela mai ciwon rai, Greensboro


Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari mu sallami tambayarki tukuna, don ita ce mafi sauƙi a wasiƙarki.

E, da yawa daga cikin waɗanda ba su yarda da addini ba suna yin Halowin, wasu kuma ba ruwansu da shi. Masu yi suna ɗaukarsa wasan yara da al'adar unguwa, ba ibada ba. Masu addini ne asalin bikin yake damu, saboda su ne suka yarda akwai gaibu, suke kuma tsoron saɓo. Don haka ba zan kira Fassouma munafuka ba. Ina taya ki baƙin cikin hanyar da ta ɗauka, ki ci gaba da yi mata addu'a, amma a wannan magana abin da ta faɗa miki ya yi daidai da abin da take kai. Kuma ko da na rubuta miki kalmar, kika karanta wa yarinya 'yar shekara takwas, abin da za ta ji shi ne uwarta na zagin wadda ta zauna da ita Asabar uku.

Fassouma tana da laifi, ba ƙarami ba. Ta san gidanku ba a yin bikin nan, ta haɗa baki da yarinya a ɓoye, ta karɓi kayan da ta san ba a ba ta ba. Ki sake kiranta, ba da faɗa ba, ki bar batun imaninta gefe. Ki ce mata magana ɗaya: duk abin da ya shafi Yasmina ta nan ƙofar zai bi, babu sirri tsakaninsu da ba ki ciki. In ta amince, kada ku hana zuwa. Yarinya a ƙasar nan tana buƙatar dangi, kuma in kuka rufe gidan can, ƙara masa daraja za ku yi a idonta. In ta ƙi, sai a koma ga shawarar Malam Mourtala.

Batun fita ranar talatin da ɗaya ga wata kuwa, hukuncinku ne ke da mahaifinta. In kuna da shakka ku tambayi malaminku. Kuna da cikakken haƙƙin cewa a'a. Sai dai a'a ma tana da ladabi. Ki tsayar da keke, ki juyo, ki yi mata bayanin dalili da harshen da za ta gane, ki bar ta ta yi tambaya. Kuma kada ku sake barinta ita kaɗai bayan labule. Ku fita da ita wani wuri ranar, ko ki tara mata ƙawayenta wata rana dabam, su yi shiga su ci alewa. Mu ma mun manna gemun auduga lokacin tashe, mun san daɗin yaro ya zama wani abu na yini ɗaya.

Yanzu kishin. Na gode da kika kira shi da sunansa. Gaskiya ne aikin uwa ya fi na inna ɗaci, ke ce mai tashi da asuba da hani da horo. Amma ki sake duba abin da kika rubuta. Fassouma na iya shiga kanti ta saya mata fukafukai sabbi fil cikin minti goma. Yarinyar nan ƙyallayenki ta ɗauka, da tef ɗinki. Abin da take gani a hannunki kullum shi ta so ta yafa a bayanta, sai ta tarar ba ki ɗago kai.

Ki sauko da ledar nan yau, kada ki jira ƙarshen wata. Ki ba ta, ki faɗa mata gaskiya: kin ji zafi ne da ba ke ta tambaya ba, kuma ke kika gyara su. Ki ce ta juya baya ki gwada mata. Na san telolinmu, sai kin sami inda bai zauna ba. To ki miƙa mata allura, ki matsa mata a kujera, ku gyara tare.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya raya miki Yasmina, ya sa albarka a hannun nan naki da ya kasa jefar da karkataccen ɗinki.

Anti Assibi